Naman Da Ata Ya Ƙi Karɓa

Shafi na 14

Masu turo saƙo kan na yi shiru, na gani. Wannan shafin ne ya yi min nauyi. Ga shi.

*

Da azahar muka sauko daga dutsen Ak-Zoo. Kubat baike a gaba, bunsurun dutsen ɗaure a bayan sirdinsa, ƙahonin suna dukan cinyar doki. Ni a baya, jirgina mara matuƙi cikin jakar goyo.

Baike nake ce masa, wato yaya. Shi ya haife ni. Amma ni ne ɗan fari, ina wata tara aka miƙa ni ga kakannina kamar yadda ake yi, su ne Ata da Apa a bakina, wato baba da inna. Shekara ashirin bai taɓa neman komai a wurina ba sai ranar nan.

"Tilek, wannan abin wasan naka yana ganin bayan dutse?"

Na ce yana gani. Shi ke nan.

Ba nemo awakin dutsen kawai na yi ba. Da garken ya ƙi saukowa, ya ce in matsa musu. Na sauke jirgin a kansu. Ƙarar ta ruɗa su, babban cikinsu ya taho kai tsaye bakin bindiga. Sauran suka watse. Ban duba inda suka nufa ba.

A bakin gadar katako muka yi kiciɓis da Ata. Yana kan tsohuwar goɗiyarsa, farar hularsa ta rufe gira, daga duba tumaki yake.

Kowa ya san yadda ake yi. Ka haɗu da maharbi ɗauke da nama, ka ce "shiralga", ya sauka ya yanka maka rabonka. Ko baƙo ne kai, ko ba kwa ga maciji. Ba a hanawa. Kuma ba a wucewa ba a faɗa ba, ballantana dattijo, don faɗar ita ce sa wa farautar albarka.

Kubat baike har ya diro, ya zare wuƙa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Assalamu alaikum, Ata."

"Wa alaikumus salam."

Ata ya dubi ƙahon. Ya dubi bakin dabbar. Sannan ya dubi jakar da ke bayana, ya daɗe a kanta.

"Hanya," ya ce.

Muka ja dawakai gefe. Ya wuce.

Joomart maƙwabcinmu na ƙarƙashin gadar yana ba shanu ruwa. Mutumin da ko kaza ka yanka sai ya zo tambayar lafiyar iyali. Ya buɗe baki zai faɗa, ya kalli bayan Ata, ya mayar da abin hamma.

Kubat baike ya tsaya da wuƙa a hannu, babu abin yankawa.

*

Bayan la'asar Kubat baike ya shigo gidanmu da cinya guda naɗe a buhu. Muna zaune a kan shimfiɗar abinci, Apa na zuba shayi.

"Apa, ina zan ajiye?"

"Tambayi mai gidan. Ni shayi nake zubawa."

Ata bai ɗago ba. "Mayar da shi inda ka ɗauko."

"Inda na ɗauko dutse ne."

"To ai ka san hanya."

Kubat baike ya dire buhun a bakin ƙofa. Ya zaro takarda daga aljihu, ya buɗe ta a gaban Ata, kusa da kwanon man shanu.

"Ga izini. Hatimi biyu. Namiji ɗaya aka ba ni, namiji ɗaya na harba. Me na yi da za ka kunyata ni a gaban Joomart? Joomart fa!"

"Takardar ta ce a kore shi da zanzaro?"

Zanzaro yake ce wa jirgina tun ranar da na zo da shi daga birnin Bishkek.

"Wa ya ce an kore shi?"

"Shi ya faɗa min. Kumfa a bakinsa, harshe a waje. Dabbar da aka harba tana kiwo ba ta kumfa. Idona ne ya gaji, Kubat, ba kaina ba."

 

Ata ya juyo gare ni. Gara duka da wannan kallon.

"Kai. Ina sauran suka nufa?"

"Ban duba ba, Ata."

"Kana da ido a sama, ba ka duba ba."

"Jirgin ya ɗauki hoton komai. Yana cikin waya."

"Ba zan kalla ba. Kai kalla, ka faɗa min."

Na buɗe. Na wuce wurin harbin da sauri, na tsaya a ƙarshe. Ga su nan, ƙanana, suna tsalle a kan ƙanƙara, ɗaya na bin ɗaya.

"Sun haye wuyan dutsen," na ce. "Sun faɗa ɓangaren inuwa."

Apa ta ajiye butar shayi.

Ba sai an yi min bayani ba. A ɓangaren rana iska na share dusar ƙanƙara, ciyawa na leƙowa. A ɓangaren inuwa ƙanƙarar ta kai ƙirjin doki. Kuma a wannan watan matan duk da ciki suke. Mako guda a can, wadda ba ta mutu ba za ta zubar.

"Za su dawo," in ji Kubat baike. Muryarsa ta ragu. "Dabba ce, ta san gidanta."

"Wancan karon shekara tara suka yi ba su dawo ba."

"Wane karo?"

Ata ya ɗauki kofinsa. Babu komai a ciki, ya kai baki duk da haka.

"Tsoho," in ji Apa, "ko ka faɗa musu, ko ni in faɗa. Shekara arba'in ina haɗiye maganar nan da shayi, ta ishe ni."

"Ke dai ba kya iya yin shiru."

"Da na iya da tuni ka mutu da yunwa ba wanda ya sani. Faɗi."

Ya daɗe yana juya kofin.

"Wasu manya suka zo daga birni," ya ce. "Da jirgi mai saukar ungulu. Suka ce wa ya fi kowa sanin Ak-Zoo? Aka nuna ni. Ina da shekarunka, Kubat, ko ban kai ba. Ban taɓa barin ƙasa ba. Da muka tashi na ga rufin gidanmu kamar akwatin ashana, sai na ji na zama wani."

Ya ajiye kofin.

"Ni na nuna musu da yatsa. Can, can, da can. Wuraren da ubana ya nuna min bayan ya sa na rantse. Jirgin ya bi su. Ba su da inda za su ɓuya, don abin da ke binsu a sama yake. Kafin hantsi an gama. Kawuna kawai suka ɗauka. Sauran suka bar wa hankaki."

"Nawa?" na tambaya.

"Na daina ƙirgawa a arba'in."

Kubat baike ya zauna a bakin ƙofa, kusa da buhunsa.

"Ka ce min gwiwarka ce ta sa ka rataye bindiga."

"Gwiwar daga baya ta zo."

"Shekara nawa ina binka dutse da littafi da fensir? Muna rarrafe a ƙanƙara muna ƙirga awaki kamar malaman lissafi. Yaran gari suna ce min ɗan maharbin da bai taɓa jin warin harsashi ba. Kalma ɗaya, Ata! Da ka faɗa min kalma ɗaya!"

"Da na faɗa maka da ka daina ganin girmana."

"Yanzu fa?"



Kubat baike ya miƙe, ya saɓa buhunsa. A ƙofa ya kalle ni, ya fita. Ya manta takardarsa a gefen man shanu.

Na zaci an gama. Ashe saura nawa rabon.

"Tilek."

"Na'am, Ata."

"Shi bai sani ba, kai ma ba ka sani ba. Amma shi ya hau dutse da ƙafarsa. Kai babban yatsa kawai ka motsa." Ya ture kwandon gurasa daga gabana. "Sai na ga sun dawo ɓangaren rana da idona. Kafin nan kar ka zauna a shimfiɗata."

Tun ina rarrafe a gefen damansa nake zama. Na tashi.

*

Kwana biyu a kicin nake ci, a kan ɗan benci kusa da bokitin gawayi. Apa na turo min kwano da ƙafa kamar kyanwa.

"Ci. Fushin tsohon nan kamar ƙanƙarar bazara ne, da yawa amma ba ya kwana."

"Ya kwana biyu, Apa."

"To bana sanyi ya yi yawa."

Wayar Kubat baike a kashe. Matarsa ta ce ya fita tun asubahin jiya da doki, bai ce ga inda za shi ba. Na ɗauka garin Narin ya tafi ya huce.

Na yi tunanin in sayar da jirgin. Na fito da shi, na goge fukafukansa, na mayar. Wata tara na yi ina wankin mota kafin na same shi. Kuma ba don farauta na saya ba. Na fi son in tashe shi da yamma in ga kogi yana lanƙwasa, in ga garinmu ya yi ƙanƙanta har damuwata ta yi ƙanƙanta da shi. Wa zan faɗa wa haka?

Safiya ta uku na ji Apa da Ata ta bango.

"Da idonka, ka ce. Wane idon? Jiya ka yi wa sandar lantarki sallama, ka ce Joomart ya rame."

"Hazo ne."

"Ƙafar kuma fa? Masallaci ma sai ka huta sau biyu. Rabonka da Ak-Zoo shekara shida. Ko su awakin ne za su sauko su yi maka layi a tsakar gida?"

"Ba zan kalli dutse ta cikin zanzaro ba."

"To zauna. Ni ma kicin zan koma wurin yarona. Ka zuba wa kanka shayi, ka nemo wa kanka safa, in ga ƙarshen taurin kai."

Sannan na ji sandarsa tana tahowa.

Ya tsaya a ƙofar kicin, bai shigo ba.

"Abin nan naka. Zai iya ganinsu ba tare da sun ji shi ba?"

"In na tsaya can sama sosai, na jawo hoton daga nesa."

"Ran nan me ya hana ka yin haka?"

Bai jira amsata ba.

"Akuya ɗaya ta ɗaga kai, sai na sa goɗiya ta taka shi. Ɗauko."

*

Muka hau tudun da ke bayan garken tumaki. Daga nan Ak-Zoo a buɗe yake. Batir na cikin rigata, manne da fata don kar sanyi ya shanye shi. Ata ya saka tabaron Apa na ɗinki, mai igiya a kunne ɗaya.

"In ka yi dariya na fasa."

"Ban yi ba."

Na tashe shi. Goɗiyar ta kaɗa kunne. Ata ya bi shi da kallo har ya ɓace, yana taɓe baki.

Hasken ƙanƙara ya hana mu ganin fuskar wayar. Ya buɗe babbar rigarsa ta fatar tunkiya, ya lulluɓe kanmu mu biyu. Ciki duhu, warin hayaƙi da tumaki. Kafaɗarsa na taɓa tawa. Bai ja baya ba.

Kogi ya wuce. Itatuwa suka ƙare. Duwatsu suka fara.

"Tsaya," ya ce. "Wancan tsagin. A nan muke kwana da ubana." Ya kai yatsa zai taɓa, ya fasa. "Bai canza ba. Ni kaɗai na tsufa."

"In ci gaba?"

"Wa ya ce ka tsaya?"

Na hau sama, sama fiye da yadda na taɓa hawa. Na juya zuwa ɓangaren rana. Dutse, ciyawa busasshiya, dutse. Babu komai.

"Hagu," in ji Ata. "Wawa, da safe ba sa tsayawa a fili. Ƙarƙashin jan dutsen nan."

Na yi hagu. Na jawo hoton.

Ga su.

Suna kiwo. Wasu kwance suna tuƙa. Ko ɗaya bai ɗaga kai ba.

Na ji numfashin Ata ya canza. Ya fara ƙirgawa ƙasa-ƙasa, yana danna yatsu a gwiwata.

"Goma sha bakwai. Sha takwas. Ga wata bayan dutse, sha tara. Dubi cikin waccan, tagwaye ne, in ba tagwaye ba ne ka canza min suna." Dariya ta kuɓuce masa, ya mayar da ita tari. "Nawa ne ran nan?"

"Talatin da huɗu. Da wanda aka harba."

"Talatin da huɗu? Ƙirgata ta ƙarshe ashirin da shida ne." Ya sake danna yatsu. "Saura sha huɗu ke nan. Haye."

Na duba batir. Arba'in cikin ɗari. Na haye wuyan dutsen.

Ɓangaren inuwa shuɗi ne, santsi, babu ko tsinke. Sai wani layi da ya tsaga ƙanƙarar. Na bi layin.

Suna tafe ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ƙanƙara har ciki. Babbar mace a gaba tana fasa hanya. Ba gudu suke ba. Kuma sama suka nufa, wajen wuyan dutsen. Gida.

"Sha huɗu," in ji Ata. "Alhamdu lillahi. Amma me ya tashe su? Akuya mai yunwa ba ta hawa a irin wannan ƙanƙarar sai da dalili. Koma baya."

Na koma baya. Nisa sosai a ƙasansu, wani baƙin ɗigo.

Mutum ne. Ƙanƙara har ƙugu. Ya yi taku biyar, ya tsaya. Ya sake biyar, ya tsaya. Doguwar sanda a hannunsa. Babu bindiga a bayansa.

"Dubi ɗan banza," Ata ya ce a hankali. "Ya zagaya ta ƙasa ya ba iska baya. Warinsa kawai yake aika musu. Bai matso ba ballantana su firgita, bai tsaya ba ballantana su kwanta." Ya gyara tabaron. "Yana shekara goma sha ɗaya na nuna masa. Na ɗauka fensir kawai yake taunawa."

Kubat baike ne. Na san jar hular nan. Ni na saya masa da kuɗin wankin mota na farko, bai taɓa sa ta a gabana ba.

"Kwana biyu a ɓangaren inuwa," in ji Ata. "Sauko da zanzaron. Ina so in ga fuskarsa."

Yatsana na kan 'yar sandar sarrafa jirgin. Ɗan dannawa kawai.

"A'a, Ata."

"Me ka ce?"

"In na sauko za su ji. Za su juya ƙasa. Wahalarsa ta kwana biyu ta tashi a banza."

"Ni na ce ka sauko."

"Na ji. Ba zan sauko ba."

Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba. Na jira ya yaye rigar ya tafi.

Hannunsa ya sauka a bayan wuyana. Mai nauyi, mai kaushi. Ya ɗan girgiza ni kamar yadda yake yi wa ɗan rago in ya ga zai rayu.

"Taurin kan kakarka," ya ce. "Dawo da zanzaron gida. Ka je ka ɗaura sirdi, ka ce ta cika mana shayi a gora, ta naɗe gurasa da kitse. Za mu tare shi a wuyan dutse."

"Ata, gwiwarka."

"Goɗiya ce za ta hau, ba gwiwa ba. Ka taho da bargo. Wannan sakaran na san ko safar kirki bai saka ba."

Batir ashirin da huɗu. Goma sha biyar nake bukata in dawo. Na fara juya jirgin, hoton ya share gangaren da ke bayan Kubat baike.

Na tsaya.

"Me ya faru?"

Sawun da ya bari dogon rami ne a ƙanƙara. A cikin ramin, wani abu na tafiya. Toka-toka. Kai a ƙasa.

Ɗaya. Biyu. Na uku ya fito daga bayan dutse. Na huɗu.

Hanyar da ya fasa suke bi, ba sa nutsewa. Ya yi taku biyar, su yi ashirin. Shi kuwa awaki yake kallo, bai waiwaya ba.

Ata ya matso da fuskarsa har tabaron ya taɓa wayar. Yatsunsa suka matse wuyana.

"Tilek."

"Na'am."

"Ƙarar zanzaron nan da ta kori awaki."

"Eh, Ata."

"Tana korar kyarkeci?"